Jerin Tom da Jerry: tambayoyi da amsoshi kan wanne ya fi wanne

Rigimar nan a fadarmu ta faro, wani dare na watan Afrilu da zafi ya hana kowa shiga ɗaki. Ana jiran shayi na biyu, ƙanen wani abokinmu ya kunna Tom da Jerry a waya yana ta ƙyalƙyala dariya shi kaɗai, ba a yi minti biyu ba sai ga ƙarti biyar sun yi masa rumfa, har da mai shayin ya bar butarsa tana tafasa. Daga nan musu ya tashi kan wanne ya fi daɗi, ni kuma da ɗaukar dala ba gammo na rubuta kilasma ɗina na goma na tura a gurup. Tun ranar ban huta ba, daga Birni har Garin Malam kowa da tambayarsa, kuma kusan iri ɗaya ce ake ta maimaitawa, shi ya sa na tattara su nan wuri guda.

Wai babba da gemunsa ya zauna yana jera katun na yara, ba abin kunya ba ne?

Mai wannan tambayar yawanci shi ne zai kwana yana musu kan Barsa da Riyal, ƙungiyoyin da ba su san da zamansa a duniya ba. To bari dai in amsa. Asali ma ba don yara aka yi shi ba, a silima ake nuna shi a Amurka kafin a sa babban fim, ɗaki cike da manya da suka biya kuɗin shiga. William Hanna da Joseph Barbera suka ƙirƙiro shi a kamfanin MGM, na farko ya fito a 1940 da suna Puss Gets the Boot, a lokacin ma sunan kyanwar Jasper ne ba Tom ba. Sai a na biyu, The Midnight Snack na 1941, aka raɗa musu sunayen da muka sani. Daga baya ne tele ta ɗauke shi ta mayar da shi abin rarrashin yara.

Guda nawa ne gaba ɗaya, kuma daga ina ake fara jerin?

Na asali, wato gajerun da aka yi wa silima, 161 ne. Hanna da Barbera sun yi 114 daga 1940 zuwa 1958, Gene Deitch ya yi 13 a 1961 da 1962, sai Chuck Jones ya yi 34 daga 1963 zuwa 1967. Kowanne kamar minti bakwai yake, in ka lissafa duka ba su wuce awa 19 ba, wanda ke jinyar targaɗe a gida zai iya cinye su a sati guda.

Bayan su akwai na tele da ake ta yi kashi-kashi tun daga 1975, waɗannan ba na haɗa su da na asali a jeri ɗaya, dalilin yana ƙasa a tambayar sababbin fitowa.

Ni ban san sunan ko guda ba, kawai na san "na fiyano" da "na kare mai barci". Ya zan yi?

Haka dukanmu muka taso. Mu a kaset da faifan CD muka fara gani, daga baya a memori da ake zuba maka a kasuwar Dole ko wurin mai cajin waya, an rubuta musu 1, 2, 3 kawai, wani ma an yanke masa kai da gindi. Don haka ba laifi ka ce "na kawun nan mai gita" ko "na giwa", kowa zai gane. Zan riƙa haɗa sunan fada da sunan Turancin don wanda ke son ya nema a intanet, saboda in ka rubuta "na kare mai barci" a YouTube ba abin da zai ba ka.

Gargaɗi ɗaya: bidiyoyin nan masu awa ɗaya da aka yanko wuraren dariya aka jona, kar ka yi jeri da su. Kamar ka tsince naman miya ne ka ce ka san ɗanɗanon tuwon. Nemi wanda ya fara daga zakin MGM yana gurnani ya ƙare da rubutun ƙarshe.

Ta yaya zan gane na wane zamani nake kallo?

Da ido ma ana ganewa. Na farkon shekarun 1940 Tom ɗin muzuru ne na gaske, gashi buzu-buzu, yana yawan tafiya da ƙafa huɗu. Daga tsakiyar shekarun 1940 zuwa farkon 1950 ya miƙe tsaye, jikinsa ya yi sumul, gudun ya ƙaru, kuma za ka ga sunan Fred Quimby a rubutun farko, shi ne furodusa har ya yi ritaya a 1955. Nan ne zinariyar take. Na ƙarshen shekarun 1950 hoton ya yi faɗi kamar an ja shi gefe da gefe, bangon baya ba shi da ado sosai.

Na Chuck Jones kuwa girar Tom ta yi kauri, kunnen Jerry ya ƙara girma idonsa ya zama na tausayi, kuma a buɗewa sai ka ga Tom ya maye gurbin zakin yana kukan kyanwa. Na Gene Deitch da kunne ake gane su, sautin yana amsa-kuwwa kamar cikin rijiya aka ɗauka. Su suna da tambayarsu a ƙasa, don sun cancanci a yi musu zama na musamman.

Da wane ma'auni kake aunawa, ko son rai ne kawai?

Akwai son rai, wanda ya ce ba shi da shi ƙarya yake. Amma bayan na sake kallon da yawa sau biyu sau uku na lura da abu ɗaya: waɗanda suka fi daɗi su ne waɗanda aka ɗaure Tom da wani sharaɗi. In gudu ne kawai, kyanwa ta bi kusu, kusu ya maka mata kasko a ka, za ka yi dariya ka manta kafin shayi ya huce. Amma in aka ce wa Tom kar ka yi ƙara, ko kar ka daina kiɗa, ko kar ka taɓa kusun nan in ba haka ba ka rasa dukiya, to nan fa wasan ya zama wasa, don Jerry ya san sharaɗin, Tom ya san Jerry ya sani, mu ma masu kallo mun sani, kowa na jiran inda igiyar za ta tsinke.

Sai gwaji na biyu, kallo na uku. Wanda ya ba ka dariya karo na uku alhali ka san abin da zai faru, shi ne na ƙwarai. Na uku kuma kiɗa ne. Scott Bradley ya yi kiɗan kusan duk na zamanin Hanna da Barbera, kowane taku da kowane mari yana da sautinsa, in ka kashe murya ka kalla za ka ga rabin dariyar ta tafi. Shi ya sa kallo a waya mai fasasshiyar sifika zalunci ne.

To wanne ne nimero ɗaya a wurinka?

Na kare mai barci, Quiet Please! na 1945. Karen, Spike, yana son ya yi barcin rana, guje-gujen su Tom ya tashe shi, sai ya shaƙo Tom ya ce in ya sake jin ko ƙwaƙƙwaran motsi zai feɗe shi da ransa. Jerry yana laɓe yana ji. Daga nan komai ya juye, mai farauta ya koma mai gadi: Jerry ya jeho ampul ɗin lantarki daga sama Tom yana cafewa da hannu da baki da duk inda ya samu, ya saita bindiga Tom ya toshe bakinta da yatsunsa ya sha zafin shiru, har ta kai shi ga rera wa ƙaton kare waƙar rarrashi yana ɗura masa maganin barci. Ƙarshe nakiya ce a ƙarƙashin Spike, Tom na ƙoƙarin zarowa karen ya buɗe ido, sai kawai ya mayar da ita inda take ya yi murmushi.

Abin da ya sa ya zauna min a rai, duk wanda ya tashi a gidan da Baba ke kwanciya bayan azahar ya san wannan yaƙin. Gida ya yi tsit, Inna ta riga ta ja kunne, kai ne babba, in ƙaramin ya yi ƙara kai za a kira, shi kuma ja'irin ya san haka sai ya ɗauki murfin tukunya yana kallonka yana murmushi. Wallahi ranar da muka kunna shi a fada wani magidanci mai ƴaƴa huɗu cewa ya yi "wannan ƙanena ne sak", kuma ba wanda ya tambaye shi wanne yake nufi.

Amma kowa cewa yake na fiyano ne sarki, me ya sa ka sa shi na biyu?

Ban ƙi ba, The Cat Concerto gwaninta ce tsantsa. Tom ya sha baƙar kwat yana kaɗa wani kiɗa mai wuya na Franz Liszt a gaban jama'a, Jerry da ke barci cikin fiyanon ya farka, kuma sharaɗin nan da na faɗa a tambayar ma'auni yana nan da ƙarfinsa: duk abin da aka yi masa ba zai iya daina kiɗa ba, an datse masa yatsa da murfi, an ɗana masa tarko kan maɓallai, ana ɗaga kujerarsa ana saukewa, shi dai yatsu na aiki. A ƙarshe Jerry ya karɓe kiɗan daga ciki yana maimaita wurin da ya fi sauri har Tom ya kife, kusu ya fito ya karɓi tafi.

Na sa shi na biyu ne don yana sa ka jinjina kai fiye da ya sa ka riƙe ciki. Kamar kokawar da aka yi da fasaha ce ba kaye mai ƙura. Akwai ma wata tsohuwar rigima a kansa, a lokaci guda kamfanin Warner ya fitar da na zomon nan Bugs Bunny, Rhapsody Rabbit, shi ma fiyano, shi ma kusu, kiɗan ma iri ɗaya, kowane ɓangare yana zargin ɗayan da sata. Na Tom ne dai ya ci kyautar Oskar ta 1946.

Na uku zuwa na biyar fa?

Na uku na gado, The Million Dollar Cat na 1944. Saƙo ya zo cewa Tom ya gaji dalar Amurka miliyan ɗaya, amma da sharaɗin kar ya cutar da kowane mai rai, ko da kusu ne. Jerry ya karanta takardar, ya tattara ya tare a sabon gidan, ya ci abincinsa, ya kwanta a gadonsa, duk sanda Tom ya ɗaga hannu sai ya nuna masa layin da aka rubuta. Duk wanda ya taɓa samun ɗan buɗi ya ga dangin da bai sani ba sun cika masa zaure zai gane. Tom ya yi haƙuri ya yi haƙuri, ƙarshe ya yaga takardar, ya juyo ya ce mana ya san miliyan yake zubarwa amma ransa fari ƙal, ya ci gaba da jibga. Yana cikin ƴan wuraren da ya buɗe baki ya yi magana.

Na huɗu na takardar yafiya, shi yana da tambayarsa daban. Na biyar na sulhu, The Truce Hurts na 1948: kare da kyanwa da kusu sun gaji da dukan juna sun sa hannu a yarjejeniya, suna kwana tare suna goge wa juna baki, sai tsokar nama ta faɗo daga mota. Wurin rabo aka ji kunya, kowa sai ya zana wa kansa babban kaso, har naman ya suɓuce ya bi ruwan kwata suna kallo. Suka yaga takarda kowa ya ɗauki makaminsa. Ba sai na ce komai ba, mun ga irin haka a rabon naman watanda, mun gani a wuraren da suka fi watanda girma.

Sauran biyar ɗin, a taƙaice?

Na shida na kawu mai gita, Pecos Pest na 1955. Kawun Jerry ya zo daga Teksas da ƙaton gashin baki zai yi waƙa a tele, duk sanda tsirkiya ta tsinke sai ya je ya tsige gashin bakin Tom guda ya ɗaura, ba gaba ba ƙiyayya, shi dai tsirkiya yake so, kamar mai gurmi da ya ga wutsiyar doki. Ƙarshensa ne ya sa shi shiga goma, Tom na zaune gida yana dariya don tsirkiya ta tsinke wa tsohon a tele, sai hannu ya fito ta cikin allon ya tsige na ƙarshen.

Na bakwai na cirani, Mouse in Manhattan na 1945, Jerry ya bar wa Tom wasiƙa ya hau jirgin ƙasa zuwa birnin Niyok, ya sha kallon benaye, dare ya yi kyanwowin titi suka taso masa, ƴan sanda suka ɗauke shi ɓarawo, ya dawo a guje ya tarar Tom bai ma farka ba, ya yaga wasiƙar ya sumbace shi. Dariyarsa kaɗan ce amma wanda ya taɓa dawowa daga Kano ko Legas da jaka fayau ba ya kallonsa da wasa. Na takwas na ɗan agwagwa, That's My Mommy, wanda ya ƙyanƙyashe ƙarƙashin Tom ya ɗauka uwarsa ce, Tom na ta shirin dafa shi, da ɗan ya gane sai ya ce in dai Inna na so to zai shiga tukunyar da kansa, Tom ya fashe da kuka ya cafe shi. Mata a gidanmu sun ce shi ne na ɗaya, ban yi musu ba don ina son cin tuwon dare.

Na tara na littafi, Mouse Trouble, Tom na bin littafin koyon kama kusu babi-babi kowane babi na ƙara masa bandeji. Na goma na giwa, Jerry and Jumbo na 1953, da aka yi wa ɗan giwa fenti ya zama ƙaton kusu. Wannan kujerar ta goma har yanzu ba ta zauna ba, duba tambaya ta ƙarshe.

An ce guda bakwai sun ci Oskar, me ya sa uku kawai ke cikin gomanka?

E bakwai ne, huɗu ma a jere: The Yankee Doodle Mouse na 1943, Mouse Trouble, Quiet Please! da The Cat Concerto, sai daga baya The Little Orphan, The Two Mouseketeers da Johann Mouse. Amma alƙalan Amurka na wancan lokaci ba a fadarmu suke shan shayi ba. Na 1943 yaƙin duniya na biyu ake ciki, an mayar da ɗakin ajiya fagen daga ana jifa da ƙwai a matsayin gurneti, su abin ya taɓa su, mu kuwa gudu ne da fashe-fashe kawai. Johann Mouse kyakkyawa ne amma sanyi gare shi, ga mai ba da labari yana ta surutu.

Wanda nake jin ciwon barinsa waje shi ne na masu takobi, The Two Mouseketeers, don ƙaramin kusun nan Nibbles faransanci yake yi da muryar yarinya, mu da muka yi lakol muna jin abin da yake cewa, ƴan uwanmu na tsallaken Maimujiya sai dai su bi da ido. Amma ƙarshensa an kai Tom wurin sare kai don bai tsare abincin sarki ba, su kuma suka wuce da tsiran alade a hannu. Ni wannan bai ba ni dariya ba.

Na takardar yafiya ɗin nan, bai kamata a cire shi ba tunda ya taɓo maganar lahira?

Wasu sun faɗa min haka kuma ban raina maganarsu ba. Heavenly Puss ne na 1949, fiyano ya gangaro daga bene ya danne Tom, ya ga kansa a wata tashar jirgi a sama, mai tsaron ƙofa ya duba littafi ya ce ba zai shiga ba saboda abin da ya yi wa kusu, sai in ya kawo sa hannun Jerry na yafiya cikin awa ɗaya. Siffar da suka zana tasu ce, ta al'adarsu, kuma a ƙarshe mafarki ne, garwashi ne ya faɗo masa a wutsiya yana barci gefen wuta. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tsallake shi, akwai 160 da suka rage.

Ni abin da ya riƙe ni shi ne ganin Tom yana roƙon wanda ya raina, ya kawo cuku, ya gwada satar sa hannu, ya durƙusa, agogo na tafiya. Haƙƙin wani ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe, wannan kam ba daga katun muka fara ji ba. Kuma akwai wani ɗan wuri da yara ba sa lura da shi, ƴaƴan kyanwa uku da suka iso tashar cikin jiƙaƙƙen buhu. Sai da na girma na gane abin da ake nufi.

Gaskiya ne a na ƙarshe sun kwanta kan titin jirgi sun mutu?

Wannan maganar ta zaga Facebook da WhatsApp har ta gaji, ana sa hoton su biyu zaune kan titin jirgi da kiɗan tausayi. Fim ɗin yana nan, Blue Cat Blues na 1956, Tom ya kashe duk abin da ya mallaka kan wata farar kyanwa, wani muzuru mai kuɗi, Butch, ya ƙwace ta, shi ma Jerry tasa budurwar ta auri wani, suka zauna kan titi ana jin kukan jirgi daga nesa, aka rufe. Ba a nuna mutuwa ba, kuma ba shi ne na ƙarshe ba, shi ne na 103, an yi 11 bayansa, na ƙarshen Hanna da Barbera a MGM shi ne Tot Watchers na 1958 inda suke rainon jariri. Ban sa shi a goma ba, samarin fada da aka taɓa kasawa a neman aure kuwa sun ce na ci amanarsu.

Tsakani da Allah, Tom ne mugu ko Jerry?

Yaro yana bayan Jerry, ranar da ya fara neman na kansa sai ya koma bayan Tom. Duba da kyau, sau da yawa Tom aikinsa yake yi, an ce in bai kama kusu ba za a jefa shi waje, shi kuwa Jerry ɗan zaman banza ne a gidan da ba ya biyan haya, ya buɗe firiji ya kwashi abin da yake so. Halin Gizo gare shi, ƙarami mai wayo da muke tafa wa a tatsuniya alhali in maƙwabcinka ne sai kun je gaban mai unguwa. Amma in ɓera da sata daddawa ma da wari, akwai inda Tom ne ke tsokana don jin daɗi kawai.

Ni na fi ganinsu kamar taubasai, irin wasan Barebari da Fulani, a yi ta zolaya amma in wani na waje ya shigo sai a haɗe kai. A The Night Before Christmas na 1941 Tom ya kori Jerry waje cikin ƙanƙara, barci ya gagare shi, ya fita ya ɗauko shi ya gasa shi gefen wuta. Masu tambaya ko Tom ya taɓa cin nasara, e, nemi Timid Tabby na 1957 da Southbound Duckling na 1955 ku huce haushi.

Waɗanne ne a can ƙasan jerin?

Na Gene Deitch, kusan duka 13 ɗin. A birnin Prag aka yi su, ƙasar Cekoslobakiya ta wancan lokaci, da kuɗi kaɗan, bayan MGM ta rufe sashenta na katun a 1957. Motsin yana tsalle-tsalle, sautin kamar na aljanu, sannan an kawo wani gajeren mutum mai ƙiba mai saurin fushi da ke azabtar da Tom, ba dukan dariya ba, duka irin wanda ke sa ka kau da kai. A na asali in guduma ta sauka kan Tom sai ya koma siffar teburi ko faranti ya warware, a nan kuwa kamar zafin ya zauna. Akwai masu sonsu don baƙuntarsu, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Matar nan da ƙafarta kawai ake gani, me ya sa a wasu baƙa ce a wasu fara?

Ana ce mata Mammy Two Shoes, Lillian Randolph ce ta yi yawancin muryarta, fitowarta ta ƙarshe a 1952. An zana ta ne bisa yadda fararen Amurka ke kwaikwayon baƙar mace mai aikin gida a wancan zamani, da irin maganar da suke yi wa baƙaƙe ba'a da ita. Da aka zo sa wa a tele daga baya sai aka sake zana ta farar mace a wasu, a wasu aka canza murya, haka nan wuraren da abu ke fashewa fuskar Tom ta koma baƙa da jan leɓe an yanke da yawa. Mu muna yara ba mu san da wannan ba, mu dai mun ga wata Hajiya mai tsintsiya da silifa, amma sani ya fi rashin sani. Abin da ya shafi jeri, in kai da abokinka kuna musu kan guda ɗaya ku tabbatar iri ɗaya kuka kalla, wani an cire masa kusan minti.

Sababbin fitowa fa, da su Simpson, ba su da wuri?

Su yi nasu layin. Na 1975 an mayar da su abokai, Jerry da jan ɗaurin wuya, ba duka ba tarko saboda dokokin tele na yara, miya ba gishiri. Tom & Jerry Kids na 1990 na ƙanana ne, Tom and Jerry Tales na 2006 ya yi ƙoƙarin komawa tsohon salo kuma ba laifi, na 2014 zanen kwamfuta ne ƙarara. Fim ɗin 1992 da suka yi ta magana da waƙa, a bar kaza cikin gashinta.

Simpson kuwa, katun ɗin tele na Amurka, tun 1989 ake yi, kashinsu ya haura 700, amma dariyarsu a baki take, sai ka ji faransanci ko Turanci sosai kuma ka san siyasar Amurka. Tom da Jerry kaka da jika suna zama tabarma ɗaya su kalla ba mai fassara wa wani.

Muna son mu yi namu jerin a fada, ya za mu yi kar fada ta zama faɗa?

Ku fara da zaɓo 16 daga zamanin Hanna da Barbera kawai, ku rubuta a ƴan takardu ku zuba a hula, a ɗebo bibbiyu kamar kup, a kalli biyun a jere a dare ɗaya sannan a ɗaga hannu. Kar a yarda da wanda zai ce "ai na tuna shi", tunanin yarinta maƙaryaci ne, ni kaina na rantse na ƙanƙara, Mice Follies, yana cikin uku na farko, da na sake kallo sai na gane sanyin nake sha'awa ba labarin ba, mutum yana Damagaram a watan Mayu an nuna masa kicin ya daskare. A samu sifika mai kyau saboda abin da na faɗa kan kiɗa, a cika caji tun da rana don wuta ba ta da alƙawari, kuma mai shayi ba ya zaɓe sai an yi kunnen doki.

Mu namu ya tsaya ne kan kujera ta goma. Rabin fada na bayan na giwa, rabi na bayan Jerry's Cousin na 1951, ɗan uwan Jerry mai ƙarfin tsiya da ya zo ya lallasa Tom har da ƴan daban da ya ɗauko haya, ya tafi ya bar wa Jerry hula da riga irin tasa, daga ranar da an yi fito sai Tom ya zo da gudu ya sumbaci ƙafa. An yi zaɓe sau biyu ana tashi bakwai da bakwai, mai shayin kuma ya ce shi ba zai raba gardamar ba sai an biya shi kuɗin sukari na wata biyu da ake bin mu.